Kundin ƙira ɗaya ga mai haɗa manhaja ba tare da rubuta kod ba

"Assalamu alaikum Malam. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina haɗa wa mutane manhajoji da Bubble da FlutterFlow, ba na rubuta kod. Na yi wa wata makaranta, na yi wa wani kantin magani, yanzu kuma ina kan ta wani mai sayar da atamfa. Matsalata ita ce duk aikin da na karɓa sai na faro komai daga tushe. Ko a cikin manhaja ɗaya ma maɓallan ba sa kama da juna, wannan ya fi wancan tsawo, koren wannan shafi daban da na wancan. Na ji ana maganar dizayin sistem. Ta yaya zan gina nawa wanda zan riƙa ɗauka daga aiki zuwa aiki? Ko sai na koyi manhajar zane ta Figma tukuna?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambaya biyu ce ka dunƙule wuri ɗaya. Ta farko, yaya za a yi shafukan manhaja ɗaya su zama kamar hannu ɗaya ne ya yi su. Ta biyu, yaya za a yi wahalar da ka sha a aikin makaranta ta rage maka wahala a aikin mai atamfa. Maganinsu ɗaya ne, amma sai an gama da ta farko ake samun ta biyu. Wanda bai daidaita manhaja ɗaya ba, in ya ce zai kwashi kayanta zuwa wata, hargitsin zai kwasa.

Abin da ake kira dizayin sistem, ni ina ce masa kundin ƙira. Ba tarin maɓallai masu kyau ba ne. Shawarwari ne da ka yanke sau ɗaya, ka raɗa musu suna, ka ajiye su a inda gyara ɗaya zai ratsa ko'ina. Tunanin ya yi ƙarfi ne sama da shekaru goma da suka wuce. A 2013 Brad Frost ya kawo hanyar kallon fuskar manhaja hawa-hawa, daga ƙananan abubuwa irin su maɓalli da gurbin rubutu, zuwa haɗuwarsu, har zuwa cikakken shafi. A 2014 Google ya fitar da nasa kundin ƙira, Material Design. A kamfanin Salesforce kuma aka yayata dabarar ba kowane launi da kowace tazara suna, a daina kiransu da lambobinsu. Sai dai ka lura da waɗanda aka yi wa waɗannan abubuwa: kamfanoni masu ɗimbin ma'aikata da ba su ma san juna ba. Kai kuwa kai kaɗai ne da kwamfutarka. Ka ɗauki dabarar, ka bar musu girman.

Dalilin da ya sa wannan cuta ta fi kama mu masu ja-ka-ajiye shi ne sauƙin kayan aikinmu. Sabon maɓalli daƙiƙa biyu ne. Ka jawo shi, ga allon gefe ya buɗe maka duk launin duniya da duk lambar da ka ga dama. Ranar Litinin ka sa tazarar fiksel 15 tsakanin abubuwa (fiksel shi ne ɗigon da ake auna allo da shi), ranar Alhamis idonka ya ce 18 ta fi, bayan wata guda ka manta da duka biyun ka sa 20. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu in ka dube shi shi kaɗai. Sai an jera su ake ganin ɓarnar.

Fara da ƙidayar abin da ke hannunka

Kada ka buɗe farin shafi ka ce za ka ƙirƙiro kundi daga kanka. Buɗe manhajojin nan uku, ka ɗauki hoton kowane maɓalli, kowane gurbin rubutu, kowane kati, ka jera su a wuri ɗaya. Sannan ka rubuta lambar kowane launi da ka yi amfani da shi. Lokacin da na fara yi wa kaina wannan a wata manhajar adashi da na haɗa, na tarar da launin toka iri bakwai, alhali a raina ɗaya na sani. Abin da ya tura ni yin ƙidayar ma shi ne shugabannin ƙungiyar sun sauya tambarinsu daga kore zuwa shuɗi ana saura kwana huɗu su ƙaddamar. Na kwana biyu ina bin shafi-shafi ina sauya launi da hannu, kuma duk da haka ranar taron sai ga wani koren maɓalli ya leƙo a shafin manta kalmar sirri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙidayar za ta nuna maka cewa kundinka yana nan a ɓoye cikin aikinka. Aikinka shi ne zaɓe: cikin tokar nan bakwai wacce za ta rayu, cikin maɓallai tara waɗanne uku za a bari.

Suna ya fi launi muhimmanci

A nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe, kuma a nan ne amsar tambayarka ta biyu take. In ka raɗa wa launi suna "kore", ka ɗaure kanka da makarantar nan. Ranar da ka je aikin kantin magani mai shuɗin tambari, za ka sami abu mai suna kore amma shuɗi ne a ido, ko kuma ka koma sauya sunaye. Ka raɗa suna bisa aikin da launin yake yi: launin aiki, wato na babban maɓalli, launin rubutu, launin rubutu na biyu, bangon shafi, bangon kati, layin iyaka, launin kuskure, launin nasara, launin gargaɗi. Goma zuwa goma sha biyu sun ishe ni a kusan duk aikin da na yi. Sabon kwastoma ya zo, sunayen suna nan daram, lambobin da ke bayansu kawai za ka taɓa.

FlutterFlow ya ma riga ya yi maka rabin wannan aiki, domin a saitin jigon manhaja akwai gurabe masu irin waɗannan sunaye, su Primary da Secondary Text da Primary Background da Error, kowanne da ƙimarsa ta yanayin haske da ta yanayin duhu. A Bubble za ka same su a sashen Styles, inda ake ajiye launuka da salon rubutu a matsayin ƙimomin da sauran salo ke ɗauka daga gare su. Webflow, wani kayan gina shafukan intanet ba tare da kod ba, shi ma yana da irin waɗannan gurabe, yana kiransu Variables. Dokar da na ɗora wa kaina ita ce: ba na rubuta lambar launi a jikin wani abu kai tsaye. In na ji hannuna yana son yin haka, to ko dai akwai sunan da ya dace na manta da shi, ko kundin yana buƙatar sabon suna. Duk abin da ka gyara da hannu a jikin maɓalli ɗaya ya fita daga sahu ke nan, ranar gyaran gama-gari ba zai bi 'yan'uwansa ba.

Akwai suna ɗaya da ake yawan mantawa: launin rubutun da ke kan launin aiki. Muddin kwastomominka masu kore ne da shuɗi mai duhu, farin rubutu zai yi ta yi maka aiki har ka ɗauka doka ce. Sai ranar da mai tambari ruwan ɗorawa ya zo, farin ya ɓace a kai. Ƙa'idar WCAG, wato ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1, manyan haruffa kuma 3 bisa 1. Misali, tokar #767676 a kan fari ta tsallake da ƙyar, #999999 kuwa ta faɗi, ga shi kuma ita ce irin wadda idon mai zane yake so a cikin ɗaki mai sanyi. Masu amfani da manhajarka ba a ɗakin suke ba. Suna bakin kasuwa da tsakar rana, sun rage hasken waya don caji ya kai su yamma. Ka fita da wayarka rana ka duba, gani ya kori ji.

Tazara

Magini ba ya yanka bulo yadda ransa ya so. Akwai mai inci shida, akwai mai inci tara, da su ake gina komai, shi ya sa bango ke haɗuwa da bango. Haka za ka yi wa tazara. Zaɓi lambobi kaɗan: 4, 8, 16, 24, 32, 48. Google a kan ma'aunin 8 ya ɗora Material, kuma lambobin nan suna rabuwa lafiya a allunan waya masu ƙarfin fiksel daban-daban. In 16 ta yi kaɗan 24 ta yi yawa, ka zaɓi ɗaya ka haƙura, kada ka ƙirƙiro 19. Lanƙwasar kusurwa ma biyu sun isa, ɗaya ta maɓalli da gurbi, ɗaya ta kati. Duk abin da za a danna da yatsa kuma kada ya gaza 48 a tsawo da faɗi bisa shawarar Google, Apple kuwa 44 ya ce.

Faɗin allon da nake fara gwaji da shi fiksel 360 ne, domin ƙananan wayoyin Android irin su Tecno da itel da Infinix da ke hannun jama'armu a nan suke kewayawa. Mai aiki da Webflow ya kula musamman, domin can daga allon kwamfuta ake farawa, salo ya gangaro zuwa 991, ya gangaro zuwa 767, har ƙasa. Yana da sauƙi ka ƙawata saman ka bar ƙasan, alhali ƙasan ne kowa zai gani.

Rubutu, da abin da kundin Turawa ba zai gaya maka ba

Girman rubutu biyar sun isa, misali 12, 14, 16, 20 da 28. Gangar rubutu, wato rubutun yau da kullum, 16. Gurbin da ake cikewa ma kada ya gaza 16, domin a iPhone in ya gaza haka burauzar Safari takan zuƙo shafin da kanta da zarar an taɓa gurbin, sai tsarin ya karkace. Kauri biyu kawai za ka loda, na yau da kullum da mai kauri. A manhajar da ake buɗewa ta burauza kowane ƙarin kauri fayil ne da za a sauke da datar wani.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya sosai. Kafin ka amince da kowane salon rubutu, ka gwada shi da haruffanmu masu ƙugiya. Salo da yawa masu kyan gani ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Abin da ke faruwa shi ne wayar ta aro harafin daga wani salo, sai ka ga kalmar "ƙarƙashin" haruffa biyu a cikinta sun yi tsalle sun fita daban, ko ma akwati ya fito a gurbinsu. Ko da manhajar da Turanci take, sunayen mutane da na unguwanni za su shigo da su: Ɗanladi, Ƙofar Mata, Ɗorayi. Ina da jimla ɗaya da nake liƙawa a duk salon da zan gwada, a ƙarami da babba da mai kauri: "Ƙaramin ɗan ɓera ya ƙwace ₦2,500 a Ɗambatta." Alamar naira tana ciki da gangan, domin ita ma tana yawan ɓata. In kana da masu amfani a Nijar ka ƙara ƴ da Ƴ, tunda can haka ake rubuta abin da mu muke rubutawa da 'y. Salon rubutu na Noto Sans yana ɗauke da su duka, haka ma salon Andika. Ka ajiye ɗaya daga cikinsu a matsayin abin komawa, sannan ka gwada duk wani da kwastoma ya nace a kai.

Kalmomin da ke kan allo su ma cikin kundi suke. Turanci yana da "you" guda ɗaya ya huta. Mu kuwa sai mun zaɓa: ka, ki, ko ku. In ka rubuta "Ka manta kalmar sirri?" ka bar rabin masu sayen atamfa a waje, ko ma fiye da rabi. Ni abin da na tsayar shi ne a kan maɓalli in yi amfani da umarni tsirara wanda bai nuna jinsi ba: Shiga, Aika, Biya, Koma. A cikin saƙo kuma ko dai "ku" na girmamawa, ko a kauce gaba ɗaya: "An manta kalmar sirri?", "Ba a samu shiga ba, a sake gwadawa." Ko wanne ka zaɓa, rubuta shi, don kada wani shafi ya ce "Aika" wani ya ce "Tura" a kan abu ɗaya. Haka yadda ake rubuta kuɗi, kwanan wata da lambar waya: siffa ɗaya, a rubuce.

Sassan da ake maimaitawa

Bayan launi da tazara da rubutu sun zauna, sai a zo kan sassa, wato abin da Bubble ke kira Reusable Element, FlutterFlow da Webflow kuma suke kira Component. Ka gina shi sau ɗaya, ka dasa shi a shafi ashirin, gyara ɗaya ya same su duka. Dokata ita ce sai na ga abu ya bayyana karo na uku nake mayar da shi sashe. A karo na farko ban san siffarsa ta gaskiya ba. A na biyu zato nake yi. A na uku ne nake gane abin da ke sauyawa da abin da ke zaune.

Waɗanda ba sa jiran karo na uku su ne maɓalli iri uku, babba da na biyu da na haɗari irin na gogewa, sai gurbin rubutu, kan shafi, sandar ƙasa, da akwatin "an tabbata?". Amma abin da ke raba ƙwararre da ɗan koyo ba yawan sassan ba ne, yanayinsu ne. Maɓalli yana da yanayin zaman lafiya, yana da na an danna, na an kulle, da na ana jira. Wannan na ƙarshen ya taɓa jawo mini magana. Mutum ya danna "Biya", netiwok ya tsaya cak, bai ga komai ya motsa ba, ya sake dannawa har sau uku, bayanan suka shiga sau uku. Tun daga ranar babban maɓallina yana kulle kansa ya nuna alamar juyawa da zarar an taɓa shi, har sai amsa ta dawo. Da yake a cikin sashen na gina wannan hali, duk manhajar da na yi bayan nan ta gaje shi ba tare da na tuna ba. Haka kowane jeri yana buƙatar fuska uku ban da ta kullum: lokacin da ake lodawa, lokacin da babu komai a ciki, da lokacin da intanet ya yanke. Sabon mai shago da ya buɗe manhaja ranar farko farin allo zai gani in ba ka tanadi abin da za a ce masa ba.

Kashedi ɗaya. Da ka ɗanɗana daɗin sassa za ka so ka yi kati ɗaya da zai zama na ɗalibi, na magani, na atamfa, da makunnai goma sha biyar na ɓoye wannan nuna wancan. Na yi, na yi nadama. Bayan wata uku ni da na gina shi ina tsoron taɓa shi. In makunnan sashe sun wuce huɗu ko biyar, abu biyu ne ka cusa a riga ɗaya, raba su.

Batun Figma

A'a, ba sai ka koye shi tukuna ba. Figma wurin zane ne, ba wurin da manhajar take rayuwa ba. In ka gina kundi a can, ka sake gina shi a Bubble, kana da kundi biyu ke nan, kuma ba za a daɗe ba su saɓa, ka rasa wanne ne mai gaskiya. Mai aiki shi kaɗai ya gina kundinsa a cikin kayan da yake aiki da shi. Ka buɗe ɓoyayyen shafi ɗaya a manhajar, wanda masu amfani ba sa kaiwa gare shi, ka baje komai a kai: launuka da sunayensu, girman rubutu da jimlar gwajin nan, kowane maɓalli a kowane yanayi. In ka sauya launin aiki, a wannan shafin za ka ga abin da ya lalace cikin minti ɗaya.

Figma yana shigowa ne in ka fara aiki da mai zane na daban, ko kwastoma yana son ya gani ya amince kafin a fara gini. Tun 2023 shi ma yana da Variables, don haka in lokacin ya zo sunayen nan naka za ka kwafa can harafi da harafi.

Ɗauka daga aiki zuwa aiki

Ka ware manhaja ɗaya wadda ba ta kowa ba ce, ni ina kiran tawa uwa. A cikinta akwai kundin, da shafukan da kowane aiki ke buƙata: shiga, rajista, manta kalmar sirri, saiti. Sabon aiki ya zo, ka kwafi uwar, ka sauya launuka da tambari da salon rubutu, ka fara daga nan. Matsalar wannan hanya ita ce kwafi ba ya waiwayar uwarsa. In ka gyara wani aibi a manhajar kantin magani, uwar ba ta sani ba, aiki na gaba zai sake gadon aibin. Don haka duk ranar da na miƙa aiki nakan zauna awa ɗaya in mayar wa uwar abin da na koya, in ƙara mata lamba, in rubuta a shafin kundin abin da ya sauya. FlutterFlow da Webflow sun fito da hanyar ajiye sassa a laburare ɗaya da ayyuka da yawa ke ja daga gare shi, wanda ya rage wannan wahala. Sai dai shi ma da nasa haɗarin, domin gyaran da ka yi don mai atamfa yana iya taɓa makaranta in ka karɓi sabuntawa ba ka duba ba.

Tsakanin Bubble da FlutterFlow kuwa, sashe ba ya ƙetarawa. Ɗaya shafin intanet yake fitarwa tun asali, ɗayan a kan Flutter yake, wato tsarin Google na gina manhajojin waya, dole ka yi uwa biyu. Abin da ke ƙetarawa shi ne sunaye da lambobi da dokoki, kuma waɗannan shafi ɗaya na Google Sheets ya ɗauke su.

Inda wannan shawara ta tsaya

Aikina ya fi yawa a kayan nan biyu da ka ambata, sai Webflow kaɗan, kuma kamfanonin suna yawan sauya wuraren da abubuwa suke a allonsu, don haka ka riƙe dabarar fiye da sunan maɓallin. Masu aiki da Glide ko Softr, wasu kayan haɗa manhaja ba tare da kod ba, an riga an yanke musu mafi yawan shawarwarin zane, kundinsu kusan duka na kalmomi ne da tsarin bayanai. Sannan kundi ba ya gyara manhajar da tafiyarta ta karkace. In sai an ratsa shafi shida kafin a biya kuɗin makaranta, kyan maɓallan ba zai rage ko ɗaya ba. Wasu kuma sukan ji tsoron duk ayyukansu za su yi kama da juna. Za su yi, a ƙashi. Shugaban makaranta da mai kantin magani ba za su taɓa jera manhajojinsu suna auna tazara ba, launi da tambari da hotuna suke gani.

Aikin da ke gabanka ma wuri ne mai kyau na farawa, sai dai yana da halinsa. Atamfa ta riga ta zo da launinta, kowane turmi yana ihu da nasa. In ka ƙara musu bango mai launi da kati mai ado, ido zai rasa inda zai sauka. Ka bar bangon fari ko toka mai haske, launin aiki ya tsaya a kan maɓallin saye kaɗai. Ka tsayar da siffa ɗaya ta hoto a katin kaya, murabba'i ko 4 bisa 5, ka sa katin ya riƙa yanke duk hoton da aka ɗora zuwa wannan siffa, domin mai shagon da wayarsa zai riƙa ɗauka, wani a tsaye wani a kwance. Ka kuma gwada katin da suna mai tsawo da farashi mai lamba shida kafin ka dasa shi a ko'ina.